Mun Harba Ɗari Biyar

Ni mutum ne mai tsoron ƙara. Gara in faɗa tun yanzu, kada wani ya gyara zama yana jiran labarin jarumi. In aka bugo ƙofa da ƙarfi sai in zabura. In balan-balan ta fashe a wurin suna sai a neme ni a rasa. Ranar sha huɗu ga Yuli, sa'ad da Faransa duka ke fita kallon wutar da ake harbawa sama, ni ina madafa na rufe taga, na kunna injin wanki ko da babu wanki. Matata Zakiyya ta ce a shekara talatin ɗin da na yi a ƙasar nan abu ɗaya na ƙware a kai, gudu a zaune.

Sunana Hassoumi, mutumin Maraɗi. Ina aiki a wani ɗakin gwajin ruwa a arewacin Paris, ina duba ko ruwan da mutane ke sha zai cuce su. Aiki ne marar ƙara, shi ya sa na daɗe a cikinsa. Muna zaune a Stains da ɗiyarmu Lina, mai shekara sha bakwai. Ɗanmu na fari yana karatun injiniya a Villeurbanne, gefen Lyon.

Sunansa ba na faɗa. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a kuma zama a yi hira da shi ido cikin ido. Ubana har ya rasu bai taɓa kiran sunan yayana ba, in yana son shi sai ya ce wa bango, "A zo." Haka na taso, haka na kawo abina Faransa cikin jaka tare da yaji. Ni da uwarsa "yaron nan" muke cewa. Lina, wadda aka haifa a Saint-Denis kuma ba ta jin kunyar kowa, ita ke faɗar sunan a madadinmu: Affan. Rubutawa na yi, ban faɗa ba.

A farkon sanyin bara wasu samari biyu suka tare shi a tashar tram, jirgin cikin gari, ta Minguettes can Lyon, yana dawowa daga gidan gwaggonsa Biba da kwanon dambu a jaka. Ɗaya ya ɗora masa wuƙa a wuya, ɗaya ya kwashe waya da kwamfuta. Dambun suka bar masa. Bai ji ciwo ba, sai ɗan siririn layi ƙarƙashin haɓa. Da muka yi waya na ce, "An gode Allah."

Ya ce, "Oui, Baba."

Na ce, "A riƙa kula."

Iyakar abin da na iya ke nan. Na ajiye waya na shiga ban ɗaki na kulle ƙofa.

Bayan ƴan watanni bidiyon ya shigo zauren WhatsApp ɗinmu na ƴan Nijar. Malam Salmanu, abokin karatuna tun muna ɗalibai, shi ya turo, da tambaya a ƙasa: "Malam Hassoumi, wannan ba na wajenka ba ne?"

Na wajena ne. Yana tsaye a dandalin Bellecour, tsakiyar Lyon, da gemun da ban san ya ajiye ba, Turawa huɗu na kewaye da shi, bayansu kyalle mai rubutu: a bar ɗan ƙasa na gari ya riƙe bindiga don kare kansa. Yana magana da Faransanci mai kyau, irin wanda na biya wa da gumina. Ya ce ranar da aka ɗora masa wuƙa ba shi da komai a hannu sai kwanon abinci. Ya ce ya shiga kulob ɗin harbi, kuma ba zai sake tsayawa kamar rago ana lalube shi ba.

Zauren ya kama da wuta. Alhaji Hudu ya ce yaron ya yi gaskiya, a ƙauyukanmu na bakin iyaka ƴan fashi kaɗai ke da bindiga, ga sakamakon muna gani. Wani ya ce nan ba Amurka ba ce. Wata Hajiya ta ce in kowa ya riƙe bindiga a jirgin safe, yadda ake taka juna, ba wanda zai isa wurin aiki. Duk wannan surutu ne, na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne saƙon da Salmanu ya turo mini ni kaɗai. Ya ce, "Turawan da ke gefensa, in aka gan su da bindiga ƴan wasan harbi ne. Shi in aka gan shi da ita, da wannan fata da wannan gemu, ka san sunan da za a ba shi a labaran yamma. In ma an tsaya tambayar sunan."

Zakiyya ta kalli bidiyon sau ɗaya ta kife wayar a kan tebur.

Ta ce, "Malam, ka tahi ka amso abin nan."

"Wane abu?"

"Ka sani."

Na sani. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara faɗar kalmar a gidan, ita ma ta zama ɗan fari.

Lina ta ɗago daga littafinta. "Ku kira Affan ku tambaye shi mana. Yana da ita ko ba shi da ita. C'est simple."

Uwarta ta ce, "A waya? Ke wai ba ki san ana saurare ba?"

"Wa zai saurare ku, Maman? Farashin tumatir kawai kuke faɗa."

Ranar Alhamis na ɗauki hutu na shiga jirgin ƙasa na safe zuwa Lyon.

Ɗakinsa ɗakin ɗalibi ne, in ka miƙe hannu biyu ka taɓa bango biyu. Gado, tebur, ƙaramin firij, sallaya a naɗe. Ya buɗe ƙofa ya gan ni, ya ja da baya, sannan ya rusuna kamar yadda aka koya masa. Muka gaisa. Na tambayi karatu, na tambayi sanyi, na tambayi gwaggonsa. Na cire hulata na ɗora a kan wata baƙar na'ura da ke kan tebur, na zauna bakin gado. Layin ƙarƙashin haɓarsa gemu ya rufe shi. Sai a lokacin na gane dalilin gemun.

Ya soma magana da Faransanci, na ɗaga hannu.

"A yi Hausa. Bangon nan kamar kwali yake."

Hausarsa ta madafa ce, wadda ya tsinta a bakin uwarsa: ci, sha, tashi, bari, za ka gani. In magana ta wuce nan sai ya tsaya ya juyo ta daga Faransanci kalma kalma, kana ganin leɓensa na motsi kafin ta fito.

Na dubi firij na ce, "An ga bidiyo."

"Na sani, Baba. Lina ta faɗa."

"Kayan ƙungiyar nan, a ina ake ajiye su?"

Ya sa ƙafa ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin gadon da nake zaune a kai. Baƙi ne, na roba mai tauri, da kwaɗo mai lambobi huɗu. Na san irinsa. Irin wanda ake nunawa a labarai, a buɗe kan tebur, ƴan sanda tsaye a baya.

Na ce wa firij, "A cike yake?"

"A cike." Leɓensa ya motsa. "Jiya mun harba ɗari biyar."

"A ina?"

"Nan. Ni da abokina Taha."

"A ɗakin nan."

"Awo. Har cartouche ta ƙare, sai na sayo wata."

Cartouche harsashi ce a Faransanci. Na bi bangon da kallo ina neman ramuka. Babu. Da hankalina na jikina da na tsaya a nan, amma tsoro ya ba ni amsa nan take: ai cikin katifa suka harba.

"Maƙwabta ba su ji ba?"

"Sabuwa ce, ba ta ƙara. Silencieuse ce."

Da ƙyar na ce, "To, duk wannan shirin na yaushe ne?"

Fuskarsa ta sake, kamar ya ji daɗi an tambaya. "Asabar, a Bellecour. Da rana, lokacin da mutane suka fi yawa." Ya tsaya ya nemo sauran. "Duk wanda ya wuce, zai samu ɗaya."

Ba zan ce na yarda ba. Wannan yaron ne da ke fitar da gizo-gizo waje cikin kofi don kada uwarsa ta kashe. Amma na sha ganin iyaye a talabijin, a tsaye bakin ƙofa, suna cewa yaro ne shiru-shiru, ba ya faɗa da kowa. Dukkansu da irin fuskata suke faɗa. Na zo Lyon ina tsoron kada a kashe mini ɗa, sai ga ni zaune ina tsoron abin da ya fi wannan, wanda ko a zuci ban iya haɗa kalmominsa ba.

Da uba Bature ne, da ya kama kafaɗunsa ya girgiza shi ya ce, me kake faɗa? Ni na ce, "Akwai shayi?"

Babu shayi. Ya ce yana da darasi na awa ɗaya, in huta, zai sayo a hanya har da burodi. Ya ajiye mini makulli ya fita. Na ji takunsa na sauka. Na ɗauki akwatin, na kulle ɗakin, na tura makullin ta ƙarƙashin ƙofa.

Nauyinsa bai kai na jarkar ruwa ba, amma kafaɗata har yau tana tuna shi.

Niyyata ta farko kogi. Rhône yana bayan makarantar, na san wurin tun ina ɗalibi a Lyon. Na isa na tarar da masu gudun motsa jiki, da wata tsohuwa da karenta, da wasu masoya a kan benci. Duk Lyon ta zo shan iska. Ban da haka, ni da ke gwajin ruwa na san duk abin da aka jefa a kogi wata rana yana fitowa, da zanen yatsun mai shi. Na juya na hau tram zuwa tashar Part-Dieu. Wayata ta soma rawa a aljihu. Shi ne. Ban ɗauka ba. Ana saurare.

A ƙofar tasha sojoji huɗu ke tafe a jere, a hankali, bindigoginsu a ƙirji. Shekaru ina wuce irinsu ina kallon ƙasa. Ranar na ga kallon ƙasa alamar marar gaskiya ce, kallon ido kuma tsokana ce, sai na zaɓi kallon agogon tasha kamar mai jiran wahayi. Ɗayansu, yaro ne sa'an ɗana, ya dubi akwatin, ya dube ni. Na ji bakina ya ce, "Bonjour, messieurs," da muryar da ban san ina da ita ba, siririya kamar ta akuya. Ya gyaɗa kai suka wuce. Gumi ya gangaro mini har cikin safa.

Na yi tunanin in ajiye shi gindin wani ginshiƙi in yi gaba. Ina cikin tunanin lasifika ta ce duk kayan da aka bari ba mai shi za a fasa shi, a kuma nemi mai shi. A bakin jirgi wata ma'aikaciya ta tare ni da murmushi, ta ce dole kowane kaya ya kasance da suna a jiki. Ta miƙo mini ƴar takarda mai igiya da alƙalami, ta tsaya tana jira. Na rubuta sunana, da adireshin Stains, da lambar wayata, da manyan baƙaƙe. In za a kama wani a kan akwatin nan, a kama wanda ya riga ya yi rayuwarsa.

Kujerata ta faɗo cikin irin guda huɗun nan masu fuskantar juna. Na sa akwatin tsakanin ƙafafuna na matse. Gabana wani tsohon Bature ne mai jan fuska da manyan hannuwa, gefensa wata mata mai tabarau tana aiki a kwamfuta. Jirgin bai gama fita gari ba tsohon ya leƙa ƙasa, ya yi murmushi.

Ya ce, "A, kai ma kana harbi? Ina da irin akwatin nan a gida. Wace iri ce a ciki?"

Na ce, "Ƙarama."

"Ƙananan sun fi wuyar saiti."

Yatsun matar suka tsaya a kan kwamfuta. Ta ce, "Yi haƙuri, monsieur. Makami ne a cikin wannan?"

Kafin in samo numfashi tsohon ya amsa mini. Ya ce madame ta kwantar da hankalinta, ɗan wasan harbi yana da damar tafiya da kayansa, in dai ba harsashi a ciki, a kulle, da takarda a aljihu. Ya ce shi tun yana saurayi yake farauta, bai taɓa nuna wa ɗan adam bindiga ba.

Ta ce, "Ni ko a ƙugun ɗan sanda ba na son ganinta. Yanzu har wasu sun fito suna neman a bar kowa ya yi yawo da ita a titi. Na gan su a Bellecour."

Tsohon ya ce, "A nan kam muna tare. Wurin bindiga daji ne da kabad mai makulli. Wanda ya sa ta a aljihu ya fita sayen burodi, wata rana mai burodin zai ɓata masa rai." Ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, monsieur? Takardarka na jikinka dai?"

Na ce, "Bien sûr, tana nan."

Matar ta dube ni. Ba akwatin ba, ni. Ta dubi fatata, da furfurar gemuna, da baƙin tabon sujada a goshina, da gumin da ke ɗiga daga hancina a jirgi mai sanyi. Ban ga laifinta ba, ni ma da na ga kaina da na canza wuri. Ta rufe kwamfutarta ta tashi. Ta gilashin ƙofa na hango ta tana magana da mai duba tikiti, shi kuma ya leƙo wajenmu.

Jirgin nan ba ya tsayawa sai Paris. Awa biyu ina zaune ina tsara yadda zan kwanta a ƙasa in an ce in kwanta: akwatin nesa da ni, hannuwa a buɗe, kada in sa hannu a aljihu ko da wayar na rawa. Tana ta rawa kuwa. Tsohon yana ba ni labarin wani gadun daji da ya tsere masa shekara ashirin da suka wuce, ni ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

A Gare de Lyon, tashar da ke Paris, ƴan sanda uku na tsaye ƙarshen dandamali da kare. Ba wata hanyar fita. Na tafi wajensu kamar mai tafiya cikin ruwa. Karen ya miƙo hanci, ya shinshina akwatin, ya shinshina takalmina, ya kau da kai. Ba wanda ya tare ni. Na ce a raina, ko kare ya raina ni, alhamdu lillahi.

Saura jirgin unguwa, RER, zuwa gida. Lokacin tashi daga aiki ne, an cika kamar buhun gawayi. Ina tsaye na rungume akwatin a ƙirji. A Gare du Nord wani saurayi ya shigo da ƙarfi, ya taka ni, kusurwar akwatin ta soke shi a haƙarƙari. Ya juyo.

"Kai tsoho, janye tarkacenka."

Na saba da wannan. Ni ne mutumin da ke ba da haƙuri in an taka shi. Amma ranar ban ba da haƙurin ba. Ya matso da fuskarsa har ina jin warin tabarsa, ya ce ko kurma ne ni, ya faɗi wata kalma a kan uwata, wadda ke kwance a maƙabartar Maraɗi ba ta san shi ba. Mutane suka duƙufa kan wayoyinsu.

Ban sunkuyar da kai ba. Na dube shi cikin ido, sai na ji wani sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya, mai daɗi, irin wanda ban taɓa ji ba. Zuciyata da ta wuni tana duka ta lafa. Na ji babban yatsana a kan kwaɗon, yana juya lambobin ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas. Ban san lambar ba. Yatsan bai damu ba. A raina wata murya tana cewa, a hankali, kai ba ka san abin da ke hannuna ba.

Ban san me ya gani a fuskata ba. Ya dubi yatsan, ya dubi akwatin, ya ja baya har ya taka wata mata. A Saint-Denis ya sauka bai waiwayo ba.

Sai da ƙofa ta rufe tsoron ya dawo, ya fi na sojoji, ya fi na kare. Wuni ɗaya na riƙe abin nan, a kulle, ban ko gan shi ba, ni da ke gudun balan-balan. To ina ga wanda aka ɗora wa wuƙa a wuya?

Zakiyya ta buɗe mini ƙofa, ta ga akwatin, ta murza makulli sau biyu ta saki labule. Na ɗora shi kan teburin cin abinci. Muka tsaya nesa da shi kamar an kawo gawa.

Lina ta fito da waya a hannu. "Affan ya kira ni ya fi sau goma. Ya ce Baba ya ɓace, ya bar masa makulli a cikin ɗaki, sai da mai gadi ya buɗe masa." Ta danna ta ajiye wayar kusa da akwatin yadda kowa zai ji.

"Baba? Kana lafiya? Kai ka tafi da mallette ɗina, akwatin nan?"

Na buɗe baki in ce an iso lafiya. Abin da ya fito daban.

"Affan."

Zakiyya ta rufe bakinta da gyale.

Na ce, "Me za ka yi wa mutane ran Asabar? Gaya mini. Da Faransanci, da kowane yare, wanda ke saurare ya saurara."

Ya gaya mini da Faransanci. Ya ce za su raba wa mutane takardun ƙungiya, su ne a cikin akwatin, jiya suka buga guda ɗari biyar.

Lina ta dube ni. "Me ya ce maka da Hausa?"

Na faɗa mata. Ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, tana dariyar da ba ta da sauti.

A Faransanci kalmar ɗaya ce, tirer. Da ita ake harba bindiga, da ita ake buga takardu a inji. Shi fassarar da uwarsa ta koya masa a wurin kallon fim ita ya sani, tirer harbi ne, sai ya ba ni abin da yake da shi. Cartouche kuwa harsashi ce, ita ce kuma ƴar robar tawada. Na san duk wannan. A wurin aiki ni ake kira in injin buga takarda ya ƙi. Shekara talatin ina cewa tirer a gaban inji.

Ya ce, "Baba, a kanta ka bar hularka. Kan imprimante ɗin, injin buga takardar."

Ba wanda ya yi dariya sai Lina, ita ma ta daina, don muryarsa ta canza.

"Tsaya. Kai ka ɗauka zan harbi mutane? A Bellecour?"

Na nemi firij in yi wa magana, na gidanmu yana madafa. Na ce, "Ban sani ba. Ban tambaya ba."

Ban san abin da zan ba shi a madadin wannan ba, har yau ban sani ba. Lina ce ta miƙa hannu ta juya ƴar takardar da ke rataye a hannun akwatin, ta karanta.

Ta ce, "Affan, ya rubuta sunansa a jiki. Da adireshi. Yana tsammanin bindiga ce, ya ratsa tasha uku da ita da sunansa a jiki."

Na ji ya ja hanci. Can ya ce, da Hausarsa ta madafa, "Buɗe, Baba. Lambar, ranar haihuwarka ce."

Duk wanda aka haifa a unguwarmu a zamanina, a takarda ɗaya ga Janairu aka haife shi. Sifiri ɗaya, sifiri ɗaya. Kwaɗon ya buɗe. Na yi lissafin yadda yatsana ya yi ta juya lambobin nan a jirgi, na zauna.

Takardu ne, a ɗaure da roba, suna warin tawada, kowace da hoton hannu riƙe da garkuwa. A gefe, cikin soson da aka yanka daidai siffar bindiga, wani jan abin toshe kunne ne, irin mai kama da kofi biyu da ake ɗorawa a kai. Akwatin, in ji shi, wani ɗan kulob ne ya sayar masa tun kafin ya nemi izinin mallakar komai, kuma har yanzu bai nema ba.

Ra'ayinsa bai canza ba. Har gobe yana cewa ɗan ƙasa na gari ya cancanci ya kare kansa, ni kuma in na tuna yatsana a kan kwaɗo sai in ce a bar ni da ba da haƙuri. Yanzu muna wannan gardamar a waya, da baki, uwarsa na tsaye tana cewa mu rage murya. Sunan dai ban sake faɗa ba. Sau ɗaya ya isa mutum.

Asabar ɗin ba a raba komai a Bellecour ba, takardun suna Stains, Zakiyya na shimfiɗa su ƙarƙashin ɓawon albasa. Abin toshe kunnen na ce a bar mini, Yuli na tafe.

Lina ta ce, "Riƙe abinka, Baba, ba ya amfani da shi. Sau ɗaya ya je kulob ɗin."

Na ce, "Sau ɗaya?"

"Da aka harba ta farko ya fita waje ya jira Taha a bakin titi. Ba ya son ƙara."